Gaɗa a Kan Ƙanƙara

Ƙanƙarar da na sani ina yarinya ta watan azumi ce. Da la'asar sakaliya amalanken jaki zai shigo unguwarmu ɗauke da manyan sandunan ƙanƙara daga Sinnar, an lulluɓe su da buhu da garin katako. Inna ta miƙo mini kwano da 'yan kuɗi, in ruga. Mai ƙanƙara ya sara mini guntu da adda, in rungume kwanon in dawo a guje, kada rana ta sha nata rabon kafin mu sha namu. A jefa guntun cikin zoɓo, wanda a can muke ce wa karkade, kowa ya samu sanyinsa da lissafi. Da a lokacin wani ya ce mini akwai ƙasar da ake shimfiɗa ƙanƙara faɗin gona, mutane su ɗaura takalmi su hau kanta su yi gudu, kuma 'yar da zan haifa tana cikinsu, da na ce tatsuniya yake yi mini da rana.

An haife ni a wani ƙauye kusa da Mai Wurno, a gaɓar yamma ta Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar. Mu jikokin masu hijira ne. A 1903 da Turawa suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya fita ya nufi gabas, jama'a na biye da shi, har ya yi shahada a Burmi a watan Yulin shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja waɗanda suka rage, suka yi ta tafiya har Allah ya sauke su a bakin wannan kogi, garin ya ci sunansa. Wasu kakannin namu kuma alhazan ƙasa ne da suka yada zango don neman guzuri, zangon ya zama gida. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin audugar Jazira, hannun mutanenmu ya yi aiki sosai wajen shuka da noma da cira. Babana masunci ne, amma duk hunturu sai mu kwashi tabarmi da tukwane mu tafi wajen kawuna a wani kambo kusa da Wad Madani, wato unguwar 'yan ƙwadago da ke bakin magudanar ruwa, mu yi cirar auduga a hawasha, wato filin wani mai gona.

A kambon nan na koyi gaɗa. Wuni muke yi a sunkuye tsakanin kunyoyi, yatsu duk sun farfashe da ƙayar kwanson auduga, amma idan farin wata ya fito gajiya ba ta hana mu fita dandali. Mu tsaya kafaɗa da kafaɗa kamar baka, muna tafi, mai ba da waƙa tana bayarwa muna amshi. Sai ɗaya ta fita tsakiya, ta taka, ta juyo mana baya, ta saki jikinta gaba ɗaya ta faɗo. Ba ta waiwaye, ba ta dafa komai. Mu cafe ta, mu cilla ta sama, ta dira a kan ƙafafunta, wata ta fita. Ranar da aka fara tura ni tsakiya ina da shekara 8, gwiwoyina suna karkarwa. Na ƙi saki, na faɗo a ɗarare, na bugi haɓar wata yayarmu da ƙeya. Ba ta yi fushi ba. Ta riƙe kunnena ta ce, "Ke, mai tsoro ita ke jin ciwo, ita ke ji wa mutane. Saki jikinki, muna nan." Na koma, na rufe ido, na saki. Har yau ina iya jin tafukan hannuwan nan a bayana.

Maigidana ya riga mu zuwa Kanada, muka bi shi a watan Oktoban 2017, ni da yara uku, muka zauna a Hamilton ta lardin Ontariyo. Auta tana da shekara 5. Hunturun farko ban ji daɗinsa ba ko kaɗan. Rana ta faɗi tun kafin ƙarfe biyar, ba mai leƙo ka, ba sallama daga kan katanga. Yaran ma kowa ya shige ɗaki. Auta ce ta fi ba ni tausayi, don a gida ba ta rabuwa da 'yan'uwa da ƙawaye, a nan kuwa ta koma shiru-shiru, Hausar tana raguwa, Turancin bai zauna ba.

Wata rana a hunturu na biyu makarantarsu ta kai su filin ƙanƙara. Ta dawo da gwiwoyi a kumbure, fuska kuwa kamar an yi mata albishir. Ta ce, "Umma, yau na yi tafiya a kan ruwa!" Tun daga nan ba ta bar ni na huta ba sai da na rubuta ta a ajin 'yan koyo na CanSkate, tsarin da hukumar wasan ta Kanada ke koyar da masu farawa, mataki shida. Muka sayo takalmi na hannu da hular kwano. Da dare na ɗauki takalmin ina jujjuya shi. Fata ce mai tauri har sama da idon sawu, a ƙasa ƙarfe mai faɗin kamar milimita 4, an rarake tsakiyarsa ya zama baki biyu, na ciki da na waje, a gaba kuma haƙora kamar na zarto. Na ce a raina, a kan wannan siririn abu za a ɗora mini 'ya.

Darasin farko da aka yi musu faɗuwa ne. Malamar ta zaunar da su duka a kan ƙanƙara, ta nuna musu yadda za su durƙusa, su kafa ƙafa ɗaya, su dafa gwiwa da hannu biyu, su miƙe. Su sake faɗuwa da gangan, su sake tashi. Ta ce duk wanda ya faɗi ya dunƙule yatsunsa maza, don kada ƙarfen wani ya bi ta kai. Ina bayan gilashi cikin riguna uku ina kallo, na ga hikimar abin: sai da suka cire wa yaran tsoron ƙasa kafin su koya musu tafiya.

Annobar korona ta rufe filayen, aka buɗe, aka sake rufewa. Sai a watan Afrilun 2022, muna cikin azumi, aka kawo gasar duniya ta zamiyar ƙanƙara ta haɗin gwiwa garinmu, wasan da masu yinsa ke ce wa sinkuro. Wata maƙwabciyarmu, tsohuwa mai kirki, ta ba mu tikiti biyu. Na tafi ne don Auta kawai, da carbina a hannu, ina lissafin lokacin da zan koma in ɗora tukunya.

Da ƙungiyar farko ta fito na manta da tukunya. 'Yan wasa 16 ne, shigarsu iri ɗaya, suka dafa kafaɗun juna suka taho a sahu ɗaya miƙaƙƙe kamar an ja igiya. Ƙarar ƙarafunansu ba ta rabu 16 ba, ɗaya ce, kamar ana yage sabon yadi. Iskar wucewarsu tana bugun fuskar waɗanda ke kujerun gaba. Sahun ya karye ya zama sahu huɗu a jere, ya narke ya zama da'ira, da'irar ta buɗe ta zama kamar fanka mai fiffike uku tana juyawa, na bakin fiffike suna gudu kamar za su tashi, na tsakiya suna riƙe da su. Sai suka rabu biyu, suka fuskanci juna da gudu. Na rintse ido ina salati. Da na buɗe, sun ratsa ta tsakanin juna, ko riga ba ta taɓa riga ba. Can kuma suka ɗaga wasu daga cikinsu sama, waɗanda aka ɗaga sun saki jiki, ba sa kallon ƙasa. A nan hawaye ya zubo mini. Auta ta ce, "Umma, lafiya?" Na ce, "Auta, ai gaɗa ce wannan."

Ƙungiyar Les Suprêmes ta Kanada ce ta ci zinariya a wannan shekarar, ƙungiyoyin Finlan biyu, Marigold IceUnity da Rockettes, suka biyo baya. Maƙwabciyar tamu ta ba ni labarin asalin wasan: a 1956 wani mai suna Dokta Richard Porter ya tara 'yan mata a garin Ann Arbor na jihar Mishigan ta Amurka, suna nishaɗantar da 'yan kallo a lokacin hutun wasan hoki na jami'a, ana ce musu Hockettes. Hukumar wasannin zamiya ta duniya ta karɓi wasan a 1994, aka yi gasar duniya ta farko a Minneapolis a 2000. Ta ce har lokacin ba a shigar da shi Olamfik ba, ta faɗi haka da ɓacin rai kamar an hana 'yarta gado. Ta kuma nuna mini cewa a Burlington, garin da ke maƙwabtaka da mu, akwai ƙungiyar Nexxice wadda ta ci duniya a 2009 da 2015. Auta ba ta ji rabin wannan ba. Abu ɗaya ta ce a cikin bas: "Ni ba na son yi ni kaɗai. Da mutane nake so."

Maganar ta zo gaban mahaifinta bayan sallah. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ni sutura ce damuwata. Na ga irin kayan da suke sawa." Gaskiyarsa ne, ni ma ta dame ni. Yayanta ya binciko mana labarin Zahra Lari, 'yar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wadda ta shiga gasa a Italiya a 2012 da ɗankwalinta, alƙalai suka rage mata maki saboda shi, ba ta cire ba, daga baya aka daina ragewa. Na je na samu malamar wani kulob da ke kusa da mu, na yi mata bayani da ɗan Turancina. Ta ce dogon hannu da dogon wando ba matsala ba ne, lulluɓin kai ma haka, in dai launin kayan ƙungiya ne. Sharaɗinta ɗaya: ban da fil, ban da allura, ban da duk abin da zai iya faɗowa. Ɗan ƙaramin ƙarfen gashi in ya faɗi a kan ƙanƙara yana iya kayar da sahu guda. Maigidana ya ce, "To, Allah ya sa albarka. Amma ban da wasa da sallah."

Gwajin farko ba a ɗauke ta ba. Ta iya gudu, ta iya tsayawa, amma da aka haɗa ta da wasu a sahu sai ta riƙa kallon ƙafafunta, tana danne kafaɗar ta kusa da ita. Malamar ta durƙusa daidai tsawonta ta ce mata, a wannan wasa kowa ke ɗauke da nauyin kansa, hannun da kika ɗora a kafaɗar 'yar'uwarki na jin motsinta ne, ba na jingina ba. Ta ce ta je ta ƙware da tafiya da baya da harɗe ƙafa a kwana, ta dawo baɗi. Auta ta yi kuka har muka isa gida. Na bar ta ta yi mai isarta, sannan na ba ta labarin haɓar yayarmu. Daga ranar, bayan isha'i, mukan ture kujerun falo, ni da ita da yayyenta mu jeru da safa a ƙafa, hannu a kafaɗa, muna takawa tana ƙirga mana ɗaya zuwa takwas, idonta a kan bango. Sannu ba ta hana zuwa.

Gwaji na biyu ya faɗo a ƙarshen Afrilun 2023. Ranar 15 ga watan yaƙi ya ɓarke a Khartum. Na kai ta filin, amma ban ga komai ba, idona yana kan waya, ina bin 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya. Bayan mako guda saƙo ya zo cewa an ɗauke ta. Ta yi ta tsalle a falo, ni kuwa na rasa inda zan sa farin cikin. Na kira Inna ina jin nauyin faɗa mata irin wannan labari a irin wannan lokaci. Ta ce, "Ke, kada ki hana yarinya murnarta. Mu ma labari mai daɗi muke nema. Ba ni kishiyar tawa."

Su 12 ne a ƙungiyar. Aka fara atisaye sosai a watan Satumba, sau biyu a mako a kan ƙanƙara, sau ɗaya a busasshen ɗaki da takalmin gudu. Na ranar Asabar ƙarfe shida na safe ne, don lokacin ne hayar fili ta fi sauƙi. Mu yi asuba, mu fita cikin duhu, in durƙusa in ja mata igiyar takalmi har yatsuna su yi ja. Motar gyaran ƙanƙara, Zamboni, ta zagaya ta bar filin yana sheƙi kamar kogi da sassafe kafin jiragen masunta su fita. An jera su bisa tsawo, kowa da gurbinta, kowa ta san wadda ke damanta da wadda ke hagunta. Idan ɗaya ta yi fashi sai ka ga ramin a sahu kamar wawulo. Abin da ya hana Auta lalaci ke nan. Ko tana mura sai ta ce, "Umma, in ban je ba, wa za ta riƙe?"

Wasan yana cin kuɗi: hayar fili, kaya, wasa ƙarfen takalmi, tafiye-tafiye. Iyaye kan yi saye da sayarwa don tara wa ƙungiya. Ni na kai sambusa da karkade, kafin a ankara sun ƙare. Sai kuma maganar gashi. Da yake ba a son ƙarfe, iyayen kan shafe kan yaran da man riƙe gashi su ɗinke shi da zare, suna ta fama. Na ce su ba ni kai ɗaya. Na zaunar da yarinyar tsakanin gwiwoyina, na yi mata shuku ƙanana, na naɗe jelar na ɗinke. Ta girgiza kai iya ƙarfinta, ko sili bai motsa ba. Daga ranar na zama makitsiyar ƙungiya. Shekara shida ina garin nan, sai a ɗakin canza kayan nan na fara sanin matan garin da sunayensu, su ma suka san nawa.

A watan Disamba yaƙin ya ci Wad Madani. Mutanen kambon kawuna suka watse, wasu suka gangaro ƙauyenmu da abin da suka iya ɗauka, gidan Inna ya cika. Farkon Fabrairun 2024 kuma aka yanke layukan waya da intanet a kusan duk Sudan. Ba kira, ba saƙo. Kullum in tura "Inna, kuna lafiya?" saƙon ya tsaya da alama ɗaya. A cikin wannan shirun ne ranar babbar gasarsu ta zo.

Na yi kitso 11, na ɗaura wa Auta lulluɓin da na ɗinka mata mai kama kai kamar hula, na hau kujera da wayata a tafin hannu. Suka shigo, suka yi da'ira suka haɗa kawunansu, sannan kowa ta kama gurbinta. Kiɗa ya tashi. Sahu ya tafi daidai, da'ira ta tafi daidai. Da aka zo ratsawa, haƙoran takalmin Auta suka caki ƙanƙara. Ta kife, ta zame a kan ciki. Zauren ya yi "ah" gaba ɗaya. Na miƙe tsaye ban sani ba. Na ga ta dunƙule yatsunta, ƙarafuna suna wucewa ta gefenta, ta durƙusa, ta kafa ƙafa, ta dafa gwiwa, ta tashi. Sauran sun riga sun yi nisa, sun haɗa sahu na gaba, don doka ce ba a tsayawa.

Amma sahun bai rufe ba. Yarinyar da ke hagunta, wata siririya mai jan gashi wadda na yi wa kitso da safen nan, ta ci gaba da tafiya da hannunta na dama a miƙe a iska, daidai tsawon kafaɗar da ba ta nan. Ta dama ma ta bar tazarar. Suna gudu, kansu a sama, suna murmushi, da gurbin mutum ɗaya a buɗe a tsakaninsu. Auta ta sunkuya ta kwasa da gudu, ta yanke ta tsakiyar fili, ta jira ƙirga ta zo daidai, ta shige. Hannun nan ya sauka a kafaɗarta. Zauren ya ɗauki tafi kamar ruwan sama a kan kwano. Ni kuwa na zauna na rufe fuska da mayafi, ina kukan abubuwa da yawa a haɗe.

An rage musu maki saboda faɗuwar, ba su hau mumbari ba. A ɗakin canza kaya Auta ta fara ba su haƙuri, ba su bari ta ƙarasa ba, suka rufe ta da runguma. Malamar ta ce mata faɗuwa ta kowa ce, abin da take dubawa shi ne daƙiƙa nawa mutum ya yi kafin ya dawo.

Na tura bidiyon wasan zuwa wayar ƙanena, ya tsaya da alama ɗaya kamar sauran. Sai bayan makonni, wani dare wajen ƙarfe uku, wayata ta yi ƙara. Saƙon murya ne. Na ji kukan jaki da hayaniyar yara a baya, sannan muryar Inna. Ta ce suna lafiya, kawu yana wajenta, abinci ya yi tsada amma ana maneji, a ci gaba da addu'a. Sai ta ce matan gidan duka sun taru a kan wayar sun kalli abin har sau uku, 'yan Madani ma sun yi dariya, rabonsu da dariya tun fitowarsu. Ta ce, "Ki ce wa kishiyata ta iya tashi, jinin masu tashi ce. Amma wannan yarinyar da ta bar mata hannu, 'yar wace ce? Ki je ki gaishe mini da uwarta. Ki ce mata ta yi tarbiyya."

Ranar Asabar na samu matar a bayan gilashi, riƙe da kofin shayi. Na ce mata ina da saƙo daga mahaifiyata, daga wani ƙauye a bakin Nilu. Na kunna mata muryar Inna, ina fassara mata kaɗan-kaɗan. Ta ajiye kofin, ta riƙe hannuna da hannu biyu, ta kasa magana.

A ƙarshen Yunin 2024 yaƙi ya iso garin Sinja da ke yankinmu, su Inna suka bi ayari zuwa Gadarif, tsohuwa mai jikoki ta sake taka irin hanyar da kakanninta suka taka. Kafin ta fita ta ce wa maƙwabcinmu da ya ƙi tashi ya riƙa share mata ƙofar gida, kada ciyawa ta rufe ta. Ni ma nan duk Asabar ina bayan gilashi, da matsefi da zare a jaka, ina kallon yara 12 suna ƙirga takwas. Idan ɗaya ta faɗi ba na ƙara rintse ido. Hannun ta kusa da ita nake duba.